Kwanon Zogalen da Na Mayar

A unguwarmu in ka ji an ce "matar nan da ta mayar da kwano," ba sai ka yi tambaya ba, ni ake nufi. Har a gidan biki na sha ganin ana zunɗe na, wata ta zunguri wata da gwiwar hannu. Ban taɓa musu ba, ban kuma taɓa bai wa kowa haƙuri ba. Na mayar da kwanon, cike da abincinsa, a gaban maza, ga yayar mijina da ta goya shi a bayanta. Da za a dawo mini da ranar nan, abu ɗaya kawai zan canza: ba zan ɓata lokaci wajen neman mayafi ba.

Maigidana fataucin hatsi yake yi. Bakambare ne, mutumin Kumbashi, ya shigo Kontagora yana saurayi yana dakon buhu, Allah ya buɗa masa har ya zama motocinsa ne ke kwaso masara da waken suya daga Kasuwan Garba. Ƙato ne, in ya yi dariya a zaure sai kaji su watse a tsakar gida. Sai ga shi zuciya ta fara gaza masa. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, barci sai a zaune, masallacin ƙofar gidanmu ma sai ya huta a hanya kafin ya kai. Muka sha magani har magani ya gaji da mu. Daga ƙarshe likitan da ke duba shi a Abuja ya ce zuciyar ta saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai dai a sa mata abin da zai taya ta. Aka kaɗa shanun da yake da su a Bobi zuwa kasuwa, muka hau jirgi zuwa Indiya, ni da shi.

Abin da aka sa masa ɗan inji ne na ƙarfe, bai kai dunƙulen hannuna ba, an ɗinke shi a jikin zuciyar yana zuƙar jini yana turawa. Wata waya ta fito ta gefen cikinsa ta shiga 'yar jaka mai batura, wadda yake ratayawa a ƙarƙashin babbar riga, ba ya rabuwa da ita ko ina za shi. Abokansa na kasuwa har yanzu in sun gan shi sai su ce, "Alhaji, an yi caji kuwa?" Shi kuma ya ce musu gara shi, ya san inda batirinsa ya kai, su fa?

Kafin a sallame mu likita ya zaunar da mu da tafinta ya yi mana karatu, ni kuwa na buɗe kunnuwana duka biyu. Ya ce jini in yana gogar ƙarfe yakan so ya daskare, kuma gudan jini ɗaya, ko bai kai ƙwayar gero ba, in ya ɓalle ya haura kai ya toshe hanya, shi ke nan ɓarin jiki ya shanye. Saboda haka akwai ƙwayar tsinka jini da zai riƙa sha kullum har iya rayuwarsa, a kuma riƙa awon jinin a kai a kai, kada ya yi kauri, kada ya tsinke da yawa. Sai ya gangaro kan abinci. Ya ce koren ganye irin su zogale da alayyahu da rama suna rage wa ƙwayar ƙarfi. Ba haramta masa su aka yi ba, ɗan abin da ya saba ci a miya ya ci gaba da ci, tunda da shi aka auna maganin. Abin gudu shi ne ya tashi rana tsaka ya dinga narkar ganye kwano-kwano. Jiƙe-jiƙe kuwa ko kusa.

Ita wannan shanyewar jiki ba baƙuwa ba ce a gidansu, da ita mahaifinsu ya tafi. Ina amarya na riske shi a kwance, kuma ya shekara da shekaru a kan tabarmar nan, baki a karkace, miyau na zuba, yana kallon mutum da idanu cike da magana amma harshe ya ƙi. Manomin da ba a taɓa riga shi zuwa gona ba ya koma sai an juya shi. Shi ya sa ranar da za a shiga da maigidana tiyata, ana tura gadon, ya kamo hannuna ya ce, "Hajiya, mutuwa ba ta ba ni tsoro, kowa nata ne. Amma don Allah kada ki bari in yi irin kwanciyar Baba." Na ce masa in dai da raina, da yardar Allah ba zai yi ba. Ni kuma ba na alkawari da wasa.

Wadda ta yi jinyar tsohon nan har ta rufe masa ido ita ce babbar 'yarsa, wadda duk muke kira Yaya. Ita ta raini maigidana bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe Auta take ce masa, duk da furfurar da ta cika masa gemu. Ni kuwa amarya ce a bakinta, da jikokina da komai. Tun da 'yan bindiga suka hana su sakat a ƙauye ta dawo gidan ɗanta a bayan gari, kuma kafin damina ta zagayo ta kewaye gidan da zogale. Kaya a kafaɗa take ɗauka irin na matan garinsu, ba a ka ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Mace ce mai kirki, wannan ba zan rage mata ba. Sai dai in ta kafe a kan magana, gara ka roƙi turmi ya matsa.

Ranar da muka dawo daga Indiya gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Yaya ta shigo ba ta kula kowa ba, ta zauna a gefen ƙanenta ta kama wuyan hannunsa. Ta danna, ta saurara, ta koma ɗaya hannun, ta taɓa wuyansa, sannan ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Na ga fuskarta ta canza. Abin da ba ta sani ba shi ne, injin nan ba bugawa yake kamar zuciya ba, gudu yake bai ɗaya, don haka wanda aka sa wa shi da wuya ka ji jijiyarsa tana harbawa. Ita kuwa duk rayuwarta da harbin jijiya take gane mai jini da marar jini. Ta taɓa ba ta ji komai ba, sai ta yanke hukunci ita kaɗai cewa an zuƙe wa Auta jini a ƙasar mutane. Ta tashi ta tafi.

Washegari kwanon ya fara zuwa. Kwanon samira ne mai murfi, cike da kwaɗon zogale, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa, ga kuma gora cike da ruwan da aka dafa ganyen. Kowa a garin nan zai ce maka zogale ne maganin ƙarancin jini, mai jego ma shi ake ɗura mata. Na tare ta a tsakar gida na durƙusa na yi mata bayani da ladabi, na ce likita ya ce ganye mai yawa yana karya masa magani. Ta dube ni ta yi dariya.

"Kai amarya, ganye ya taɓa kashe mutum? Da shi na raine shi ya zama ƙato, kai ka zo ka aura."

Na ce to a bai wa 'yan dubiya su ci. Ta ce to. Na kuma tuna wa maigidan, ya ce ai da kunnensa ya ji likita, ko na ɗauke shi yaro ne?

Maza 'yan dubiya a zaure suke zama da shi tun hantsi har azahar, mu mata ba ma shiga. Yaya ce kaɗai ke shiga, da yake tsohuwa ce kuma uwa. Kullum kwanon zai shigo cikin gida tas, in wanke, in saka mata sabulu ko ɗan gishiri a ciki, don kwanon arziki ba ya komawa gida hannu rabbana. In na tambaye shi wa ya ci, sai ya ce baƙi. Ashe zama take ta sa shi gaba, ta zuba masa ido har ya suɗe hannu, ya kora da ruwan ganyen. Ƙaton da in ya yi tsawa direbobi ke rawar jiki, ba ya iya ɗaga ido ya ce wa Yaya a'a.

Da aka yi awo aka ga jinin ya yi kauri, likitan Abuja ya kira a waya yana tambaya ko ana tsallake magani. Na ce ni nake ba shi da hannuna, ina tsaye har ya haɗiye. Ya tambayi abinci, maigidan ya karɓi wayar ya ce ba abin da ya canza. Aka ɗan ƙara masa ƙwayar, aka ce a sake awo ba da jimawa ba. Ba mu kai ga sake awon ba.

Wata safiya muna karyawa, ya ɗebo kunu da hannun dama, sai ludayin ya suɓuce ya faɗi a kan rigarsa. Na ɗago zan yi masa tsiya, sai na ga gefen bakinsa ya zame ƙasa. Ya buɗe baki zai kira ni, abin da ya fito ba magana ba ce. Wallahi fuskar mahaifinsa na gani zaune a kan kujerar nan. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, ina salati ina ƙwala wa direba kira. Kafin mu kai asibitin gari bakin ya koma daidai, hannu ya dawo, har yana cewa mu juya gida kada a tara masa mutane. Na ce wa direba in ya juya sitiyarin nan ya nemi wani aikin. Daga can aka wuce da mu Abuja.

Likita ya ce ɗan ƙaramin guda ne ya gifta ya narke da kansa, gargaɗi ne, kuma na gaba ba lallai ya yi mana wannan alfarmar ba. Aka yi ta masa allurai har jinin ya dawo yadda ake so. Sannan likitan ya jawo kujera ya zauna a gabansa ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, me kake ci?" Nan ƙaton ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ni ban ce komai ba a gaban likita. A mota ma ban ce ba, duk tsawon hanyar nan da ramukanta. Ya san shiruna ya fi faɗana zafi, sai ya yi ta rantsuwa shi kaɗai cewa ya daina.

Da muka dawo zaure ya sake cika, har da limamin unguwa da dattawan kasuwa. Ina madafa na hango Yaya ta ƙofa, kwano a kafaɗa, kuma ba na kullum ba ne, babba ta sauyo. A wurinta abin da ya faru hujja ce cewa jinin bai cika ba, sai an ƙara. Na ajiye muciya na kasa kunne. Na ji ƙarar murfi. Na ji ta ce, "Wanke hannu, Auta." Na tsaya ina jiran in ji mai rantsuwa ya buɗe baki. Sai na ji ruwa yana zuba a tasa.

Wannan ƙarar ruwan ce ta ƙarasa ni. Na shiga ɗaki na birkita kaya ina neman mayafi, na fizgo wanda ya zo hannuna, na nufi zaure. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka zauren nan da maza a ciki ba. Na yi sallama, kafin su gama amsawa na kai gabansa, loma na hannunsa. Na kama hannun na karkaɗe lomar a cikin kwano, na rufe, na ɗauka, na durƙusa a gaban Yaya na ɗora mata a cinya.

"Yaya, an gode, Allah ya saka da alheri. Amma ba zai ci ba. Yau ba zai ci ba, gobe ma haka."

Ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Kai amarya, ni ka mayar wa kwano? A gidan Auta?"

"Ke na mayar wa, Yaya."

Wani dattijo daga cikin abokan kasuwarsa ya yi gyaran murya ya ce, "Haba Hajiya, ba a mayar da hannun kyauta baya. Ɗan'uwa ai rabin jiki ne."

Na ce, "Alhaji, rabin jikin nake tsare masa."

Yaya ta ture kwanon gefe ta miƙe, ta cafko wuyan hannun ƙanenta ta ɗaga wa mutane. "Ku taɓa! Kowa ya zo ya taɓa! Ina jini a nan? An kai shi ƙasar wasu an tsotse shi an dawo da shi fanko, ana ba shi ƙwaya tana tsinka ɗan abin da ya rage. Ni ina cikawa, wannan yana zubarwa!" Ta nuna ni da yatsa. Liman ya matso ya taɓa, ya sake taɓawa, na ji yana salati ƙasa-ƙasa. Na ga zauren yana neman komawa bayanta.

Sai a lokacin na gane abin da ke cin tsohuwar nan tun ranar farko, kuma tausayinta ya kama ni sosai. Amma tausayi ba zai narkar da gudan jini ba. Na yaye wuyan rigarsa na ce ta sa kunnenta a ƙirjinsa. Ta yi kamar ba za ta sa ba, sannan ta sunkuya. Abin da ake ji a wurin wani gurnani ne siriri da ba ya yankewa, kamar injin niƙa daga wata unguwa. Na ce mata wannan ne ke tura jinin, shi ba ya harbawa, gudu yake. Jini na nan, kauri ne ma ya yi masa yawa, kuma ganyen nan ne ke kashe maganin da ke hana shi daskarewa.

Ta ɗago ta ce, "Ƙarfe ne yake kuka. Ni ban san ƙarfe ba, jini na sani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Raina ya riga ya ɓaci, kuma na san abin da zan faɗa zai yi mata ciwo, na kuma faɗa da gangan.

"To tunda jini kika sani, Yaya, kin san kwanciyar Baba. Wa ya riƙa juya shi? Wa ya riƙa goge masa miyau? Ranar da ludayi ya faɗi daga hannun Autanki, bakin Baba na gani a fuskarsa. In ke kina da sauran ƙarfin juya wani ƙaton shekara da shekaru, ni ba ni da shi, kuma shi da bakinsa ya roƙe ni kada in bari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwanon nan ne zai kwantar da shi."

Ta juya ta dubi ƙanenta. "Haka ne, Auta? Kai ka roƙe shi?"

Ya sunkuyar da kai, idonsa na kan tabarma yana zubar da hawaye a gaban abokansa. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kwanonta ta ɗora a kafaɗa, ta fita ba sallama.

Kafin magariba labari ya kai bakin kasuwa. Aka ce na raba shi da danginsa, aka ce da yunwa nake horar da shi, wasu ma suka ce gado nake hange. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni dariya, don wadda ke hangen gado ai sai ta ƙara masa zogalen har da man gyaɗa. Ban bi kowa gida na yi masa bayani ba. Na dai kafa kujera kusa da ƙofar zaure, duk mai shigowa da jiƙo ko sassaƙe ko garin magani, in yi masa godiya in miƙa masa abinsa. Wanda ya iya mayar wa Yaya kwano, wa kuma zai ji wa nauyi?

Shi maigidan ya yi kwanaki ba ya mini magana, abinci ma sai in ajiye in fita. Ranar da ya fashe kuwa har maƙwabta sun ji. "Kin kunyata ni a gaban mutane! Kin wulaƙanta wadda ta goya ni!" Ni kuwa na zauna na zuba wa bakinsa ido, ina kallon yadda kowace kalma take fitowa cikakkiya, leɓe na sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai. Da ya tsaya shan numfashi na ce, "Ci gaba, Alhaji, faɗan nan daɗi yake mini. In dai bakinka a daidai yake, ka zage ni har la'asar." Ya harare ni, dariya na neman ƙwace masa, ya figi jakar baturansa ya fita.

Yaya ba ta sake taka gidanmu ba. Shi yakan je ya gaishe ta, ya ce ruwa kawai take ba shi. Ni in na gaishe ta a gidan suna ko a gidan rasuwa sai ta kau da kai. Da ƙaramar sallah na aika mata tuwon shinkafa da miyar kaza, aka dawo mini da shi ko murfin ba a buɗe ba. Na zauna a tsakar gida na cinye abina. Da babbar sallah na aika nama, shi ma ya dawo. Ba zan ɓoye ba, abin yana mini ciwo, don ina son tsohuwar nan, ita ta koya mini wankan jariri a haihuwata ta fari. Mata suka yi ta ba ni shawara in je in durƙusa in ce na yi kuskure, a wuce wurin. Na ce in je in ce na yi kuskure, washegari kwano ya dawo zaure? Na ci gaba da aika abincina duk sallah, tana ci gaba da mayarwa.

Sallar da ta wuce na aika kamar kullum. Da aka dawo da kwanon na karɓa ina shirin neman cokali, sai na ji nauyinsa ba irin na tuwo ba ne. Na buɗe. An cinye, an wanke, an shimfiɗa dusa a ciki, an jera ƙwan zabi a kai don kada su fashe. Na sa hannu na tona dusar har ƙasa, ban sami ko ganye ɗaya ba. Ba ta aiko da gaisuwa ba, kuma da muka haɗu bayan nan ta sake kau da kai, ni ma ban fasa gaishe ta ba.

Na dafa ƙwan na kai masa ɗaki a cikin kwanon. Ya duba ya ga dusar da ta maƙale a murfi, ya ce, "Na Yaya ne," ba tambaya yake ba. Ƙwan zabi ɓawonsa tauri gare shi, sai an buga da ƙarfi. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwala a gefen kwanon, ya ɓare ya ci, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ɓare na biyu ya miƙo mini da hannun dama, kuma hannun bai yi rawa ba.